Jirgin nan mai zagaye a saman Kurna da safe: akwala ne ko da sauransa?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wa ya san ƙaramin jirgin sojan nan da ke zagaye a samanmu da safe? Ya tashi, ya yi kwana, ya dawo kamar zai sauka, sai kuma ka ji ya sake ɗagawa. Yau sau shida na ƙirga kafin in gama shan koko. Wani a majalisarmu ya ce wai tsohon jirgin Rasha ne tun na yaƙin basasa. In haka ne kuwa ai sai mu fara kwana da salati.

Ɗan Gyaɗi-gyaɗi: Akwala ce mana. Duniya ta tafi zamanin jirgi marar matuƙi, mu muna nan muna lallaɓa sa'an kakanninmu.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Kafin a yanke masa hukunci bari mu san wanda ake tuhuma. Ɗan Kurna, fukafukansa a miƙe suke ko a karkace baya? Akwai wani abu kamar gora a ƙarshen kowane fiffike?

Ɗan Kurna: A miƙe suke sambal, Malam. Kuma eh, akwai abin nan mai kama da gora a baki-bakin. Hancinsa da tsini.

Malamin Kimiyya: To L-39 ne, ana yi masa laƙabi da Albatros, sunan wani tsuntsun teku mai dogayen fukafukai. Gorunan nan tankunan mai ne, kowanne lita 100. Ba na Rasha ba ne, ƙirar Chekoslobakiya ne, kamfanin Aero Vodochody da ke kusa da birnin Firag. Kuma bai ga yaƙin basasa ba. Ranar 4 ga Nuwamba 1968 samfurinsa ya fara tashi, a tsakiyar shekarun 1980 kuma Najeriya ta sayi 24. Nan Kano ce gidansu, makarantar koyon tuƙi ta sojan sama, wadda a da ake ce wa ta 303, yanzu ta 403.

Amma mutumin majalisarku bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ya dai haɗa wa da ƙane ne. Wansa, L-29 Delfin, shi ne ya zo a 1967 tare da jiragen yaƙin Sobiyet, MiG-17, kuma a filin jirgin Kano aka sauke MiG ɗin.

Baba Sajan Mai Ritaya: Malam ya faɗi daidai. Ni da hannuna na kama jirgin nan shekara da shekaru, har yanzu in na ji ƙararsa ina kan tabarma sai na ɗaga kai. Ɗan Kurna, abin da ka gani ɗalibi ne ake koya wa sauka. Ya taɓa ƙasa, ya ba shi wuta, ya sake tashi, ya zagayo. Tashi ba wuya, ko kai aka ɗora za ka tashi. Sauka ita ce karatun. In ka ƙirga shida, to yaron bai gama ba, gobe ma zai dawo.

Kai kuma ɗana na Gyaɗi-gyaɗi, ka ce akwala. Ban ji haushi ba. Amma in tambaye ka: da wace mota ka koyi tuƙi?

Ɗan Gyaɗi-gyaɗi: Tsohuwar Golf ta yayana, Baba. Amma ai ba ɗaya ba ne.

Baba Sajan Mai Ritaya: Me ya hana yayan naka ya ba ka sabuwar da yake zuwa ofis da ita? Shi ke nan. Yaro yana fara koyo a Kaduna a ƙaramin jirgi mai farfela. A zamaninmu Bulldog ne, daga baya Air Beetle da aka haɗa a nan gida, yanzu Super Mushshak na Fakistan. Waɗannan gudunsu bai kai kilomita 300 a awa ba. Jirgin yaƙi na sosai kuwa yana ninka saurin sauti. Ka ɗauko yaro daga wancan ka jefa a wannan, ka kashe shi, ka ƙona jirgin biliyoyi. Dole a sami tsani a tsakiya. L-39 yana kai kilomita 750 a awa. Ya isa ya koya wa kan yaro yin tunani da sauri, bai kai ya tsere masa ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Baba ranka ya daɗe, mu wajen injin muka fi so. Inji nawa ne a cikinsa, kuma yana da wuyar sha'ani?

Baba Sajan Mai Ritaya: Yauwa, ga ɗan gida. Inji ɗaya ne, AI-25TL, ƙirar Ivchenko, a Zaporozhiya ta ƙasar Yukren ake yin sa. Asalinsa ma injin jirgin fasinja ne, Yak-40, mai inji uku, aka ƙara masa ƙarfi aka sa a wannan.

Bari in gaya maka abin da ke burge mu masu sifana. Waɗanda suka zana jirgin nan sun san ba a Turai kaɗai zai zauna ba, sun san zai je inda titin jirgi ba shi da kyau, inda kayan aiki ba su cika ba. Dubi bakin da injin ke shaƙar iska. Ba a ƙasa yake ba, a sama yake, gefe da gefe, bayan kan malamin da ke zama a kujerar baya, kuma fiffike na ƙarƙashinsa. Tsakuwar da taya ta feso fiffike ya tare ta. Inji mai juyawa dubban sau a minti, ƙusa ɗaya in ya haɗiya ta gama da shi. Sannan in tayoyi suka fito, ƙofofin raminsu sukan koma su rufe, don kada ƙura da laka su shiga. Ko a kan ciyawa ko turɓaya mai tauri zai iya sauka.

Na biyu, shi ke tayar da kansa. Akwai wani ɗan ƙaramin inji a cikinsa, Saphir, asalinsa na Faransa. Da batirin jirgin za ka tayar da shi, ya yi wata siririyar ƙara kamar butar shayi ta tafasa, ya hura wa babban iska har ya kama, shi kuma ya mutu. Ba sai an jawo masa keken wuta ba.

Na uku, in za a cire inji, jelar ake kwancewa gaba ɗaya a ja ta baya, inji ya fito fili kamar an feɗe rago. Ba sai ka shiga rami kana laluben noti da yatsa ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Allahu akbar. Wallahi da masu ƙera motocin yanzu sun yi wannan tunanin da mun huta. Akwai motar da sai ka sauke rabin gabanta kafin ka ga kik.

Malamin Kimiyya: In ɗan ƙara kan maganar Baba. Babban abin da ya raba L-39 da wansa shi ne irin injin. Na L-29 duk iskar da ya shaƙa sai ta bi ta cikin wuta. Na L-39 kuwa akwai fanka a gaba, wani kaso na iskar ya shiga wuta, mafi yawa ya bi ta gefe ya fita a baya. Sakamakon haka ƙarfi ya kusan ninkawa, shan mai a kan kowane ma'aunin ƙarfi ya ragu. A lokacin wannan sabon abu ne a jirgin koyo.

Tarihin kuma da ɗan daɗi. A 1961 ƙasashen ƙawancen Warso suka yi gasar zaɓen jirgin koyo guda ɗaya da kowa zai yi amfani da shi. Sobiyet ta kawo Yak-30, Folan ta kawo Iskra, Chekoslobakiya ta kawo L-29. Ƙaramar ƙasa ta kayar da uwar gida. Folan ta yi fushi ta riƙe nata, sauran duk suka bi L-29, aka ƙera sama da 3,500. Da lokacin canji ya zo sai aka sake ba kamfanin aikin, injiniya Jan Vlček ya jagoranci zanen. Ku lura da shekarar: a Agustan 1968 tankokin Sobiyet suka shiga Firag, bayan wata biyu da 'yan kwanaki jirgin ya tashi, kuma Sobiyet ɗin ce ta zama babbar mai sayensa, sama da 2,000 daga cikin fiye da 2,800 da aka ƙera. Siyasa daban, ciniki daban.

Maman Husna: Ni dai duk wannan tarihin bai dame ni ba. A Bachirawa nake, ta kan rufinmu suke wucewa. Kun ce ɗalibi ne a ciki, kun ce inji ɗaya ne. In ya mutu fa? Mu da muka ga faɗuwar jirgi a Gwammaja a 2002 ba za a ce mana mu kwantar da hankali kawai ba.

Baba Sajan Mai Ritaya: 'Yata, kina da gaskiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ranar. Wancan jirgin fasinja ne, amma tsoro ba ya tambayar irin jirgi. Ba zan ce miki ba ya faɗuwa ba, duk abin da ya tashi yana iya faɗowa. Zan dai gaya miki abin da aka tanada.

Ɗalibin ba shi kaɗai ba ne sai an tabbatar ya iya. Yana gaba, malami na baya, kujerar malamin an ɗaga ta sama kaɗan don ya hango titi ta kan ɗalibin. Duk sandar da ke gaba akwai irinta a baya. Yaro ya yi shirme, malami ya karɓe. Har wasu makunnai ne da malamin, yana iya kashe wa ɗalibi agogon gabansa da gangan, ya ga ko zai rikice. Yaran sun tsani wannan wasa.

Sandar tuƙin kuma da ƙarafa aka haɗa ta kai tsaye da fukafukai da jela, babu ruwanta da wuta ko matsin mai. Ko inji ya mutu jirgin na jin magana. Akwai wata 'yar fanka da ke faɗowa daga cikinsa iska ta juya ta, ta ba agoguna wuta. Kuma fiffike miƙaƙƙe ya iya lilo, ba ya faɗowa kamar dutse. Shi ya sa suke zagaye kusa da filin, don in abu ya faru su lallaɓa su kai titi. Ana koya musu wannan tun kafin a bar su su kaɗai.

In duk ya ƙi, akwai kujerar da ke cilla mutum waje da roka, lema ta buɗe. Tana aiki ko jirgi na ƙasa, in dai gudunsa ya kai kilomita 150.

Maman Husna: Shi ya cilla kansa ya tsira, mu kuma jirgin ya sauko mana ke nan.

Baba Sajan Mai Ritaya: Abin da ake koya musu shi ne su karkata shi daga gidaje tukuna. Sai dai ki sani, lokacin da na fara aiki yawancin unguwannin da ke kewaye da filin gonaki ne. Gero da dawa muke hange daga inda muke ajiye jirage. Gari ne ya taso ya tarar da filin. Wannan kuma magana ce ta masu raba filaye, ba ta mai sifana ba.

Ɗan Kurna: Gaskiya ne Baba, mahaifina ma ya ce inda gidanmu yake da can kiwo ake yi.

Ɗan Gyaɗi-gyaɗi: Na ji duk wannan, amma ba a amsa min ba. Jirgin da aka zana tun Gowon na mulki. Gabansa agoguna ne masu allura. JF-17 da Super Tucano da aka kawo a 2021 duk allon kwamfuta ne. Ka koya wa yaro karatu a allon katako, ka ce ya je ya yi aiki da kwamfuta? Ga kuma na'urar kwaikwayon tuƙi, mutum na zaune a ɗaki mai sanyi ya koyi komai ba a ƙona lita ɗaya ba.

Malamin Kimiyya: Rabin maganarka na karɓa. Batun allo gaskiya ne, shi ya sa ƙasashe da yawa suke cire tsofaffin agogunan su sa na zamani a cikin gangar jikin da suke da ita. Kamfanin da kansa ya yarda da kai: a Disamban 2018 ya tayar da sabon samfuri, L-39NG, da allon kwamfuta, da injin Williams na Amurka, gorunan bakin fiffike ma an cire, man ya koma cikin fiffiken. Amma siffar jikin ba su taɓa ta sosai ba, don ba ta da laifi.

Batun shekaru kuwa ban yarda ba. Amurka da duk kuɗinta, T-38 da take koyar da matuƙanta da shi a 1959 ya fara tashi, ya girmi namu da shekara tara, sai yanzu ake shirin sallamarsa. Hawk na Ingila 1974. Alpha Jet ɗinmu 1973. Ba a ƙirga tsufan jirgi da kalanda, da awannin da ya yi a sama da yawan wahalar da ƙarfensa ya sha ake ƙirgawa.

Baba Sajan Mai Ritaya: Na'urar ɗaki kuma tana da amfani, ban raina ta ba. Amma ba ta sa mutum amai. Jirgin nan yana jure nauyi ninki 8. Ma'ana in ya yi kwana mai tsanani, kanka da hular kwano sai ka ji kamar an ɗora maka buhun siminti, jini ya gudu ƙafa, ido ya fara duhu. Na sha buɗe gilashi in tarar da yaro ya yi fari fat yana ɓoye leda a aljihun ƙafarsa don kada mu gani. Mu kuwa mun gani, mu ke wankewa. Wannan ba a koyonsa a kujerar ofis.

Ga wani halin da yake da shi wanda ni a ganina shi ne babban malami. Injinsa ba ya amsawa nan take. Daga zaman banza zuwa cikakken ƙarfi sai ya ɗauki wajen daƙiƙa 10. Yaron da ya saba da farfela, da ya tura take ya ji, sai ya zo sauka ya ga ya yi ƙasa da yawa, ya tura, shiru. Daƙiƙa 10 a wannan wurin shekara ce. Sau ɗaya zai yi masa ya koyi hango abu kafin ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai, tafiya a ƙasa ma sai an koya. Tayar gaba ba ta da sitiyari. Birkin a hannu yake, a jikin sanda, kamar na keke. Ka taka feda ta ɓangaren da kake so, ka matsa birki, sai ya juya. Sabon ɗalibi daga nesa za ka gane shi, yana tafe yana tangaɗi kamar ɗan maraƙi.

Sojan Baka: Ni tambayata, yana faɗa ko koyo kawai? Na ga hotonsa da rokoki.

Malamin Kimiyya: Iri-iri ne. L-39C na koyo ne zalla. ZO an ƙarfafa fiffikensa an sa wuraren rataye makamai huɗu. ZA, wanda shi ne namu, an ƙara masa igwa mai baki biyu, milimita 23, a ƙarƙashin ciki. Amfanin farko shi ne ɗalibi ya koyi harbi a jirgin da ya saba da shi. Amma ƙasashe da dama sun kai shi fagen daga, Siriya ta yi amfani da shi sosai. Matsalarsa ba shi da sulke kuma ba shi da gudun tsira, in abokin gaba na da makamin kakkaɓo jirgi to ganima ne.

Sojan Baka: To shi da Alpha Jet wa ya fi?

Baba Sajan Mai Ritaya: Gaba da gabanta. Alpha Jet inji biyu gare shi, Faransa da Jamus suka haɗa hannu suka yi, ya fi gudu, ya fi ɗaukar kaya, shi ya je Laberiya da Saliyo lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Amma ya fi cin kuɗi ya fi son lallashi. Daga ƙasa za ka bambance su: shi fukafukansa a kafaɗa suke, sun karkata baya, babu gora. Gidansa Kainji. In yaro ya gama da mu can yake wucewa.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara. Wani ya turo hoton da ya ɗauka ta kan katangar sansani, na goge. Tarihi da ƙira duk a littattafai suke, a tattauna. Amma ban da hoton cikin bariki, ban da faɗin ranaku da lokutan tashi ko adadin da ke aiki. Kada a jawo mana.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Baba, gaskiya tsakani da Allah, kayan gyara fa? Mu nan shi ne ciwon kanmu. Makon jiya na sayi famfon mai a wajen wani, kwali na asali, ciki na bogi, kwana uku ya yi. Mota dai a gefen titi za ta tsaya.

Baba Sajan Mai Ritaya: Ka taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Jirgi ba ya mutuwa don tsufa, yana mutuwa ne ranar da ƙaramar roba ta ƙare babu wata. Kuma wannan jirgin ya ga juyin duniya. Tarayyar Sobiyet, mai sayen mafi yawansa, ta rushe a 1991. Ƙasar da ta ƙera shi ta rabu biyu a 1993. Mu kuma a 1995 Turai ta sa mana takunkumin makamai. Masana'antar injin tana Yukren, kun san halin da ake ciki can tun 2022. Jirgi na iya zama lafiya ƙalau a rumfa, ana jiran abin da bai fi tafin hannu ba. A wajenmu kowane ƙarfe da takardarsa, da lambarsa, da awannin da aka yanka masa. Awanni suka cika, ko yana sheƙi sai a cire. Babu "bari mu lallaɓa".

Bari in ba ku labarin wautata. Wata safiya cikin hunturu, hazo ya ɗan yaye, an shirya jirage za su tashi. Kafin nan mun jeru kafaɗa da kafaɗa mun taka filin muna tsintar tsakuwa da guntun waya, kamar kullum. Na gama duba nawa, na cire jajayen marufan bakin inji, na sa hannu a littafi. Da na je mayar da kaya, allon da muke rataye sifanu kowanne da zanen inuwarsa, sai ga inuwar lamba 10 babu sifana. Gabana ya faɗi. Ɗalibi har ya hau, an ɗaure shi. Na ɗaga hannu na ce a tsaya. Aka sauko da shi, aka buɗe duk murfin da na taɓa, mutum shida da tocila, kusan awa biyu. Hazo ya dawo, tashin ranar ya rushe. Daga ƙarshe ina aka same ta? A cikin tsumman da na soke a aljihun baya. Na sha hukunci, na share rumfa mako guda. Amma malamin da zai tashi da yaron ya same ni da yamma ya saya min shayi da burodi, bai ce komai ba.

Maman Husna: To Baba, in dai irinku ne ke duba su, da sauƙi. Amma a gaya musu su rage na sassafe, jaririyata firgita take yi.

Baba Sajan Mai Ritaya: 'Yata, ni yanzu ko ƙofar ba na wucewa sai da kati. Kuma da safen ne iska take kwance, injin ma ya fi ƙarfi cikin sanyi. Ki bari rana ta take a watan Afrilu, ƙarfen jirgin ba ya taɓuwa da hannu, cikin gilashin nan kuwa tanderu ne.

Ɗan Gyaɗi-gyaɗi: Na janye kalmar akwala, Baba, a yi haƙuri. Amma ina nan kan bakana cewa in M-346 na Italiya da aka yi oda suka iso, wannan ya kamata ya huta.

Malamin Kimiyya: Wancan inji biyu ne, kuma awa ɗaya a cikinsa ba kuɗin awa ɗaya a L-39 ba ce. Kai za ka ba yaron da bai iya sauka ba?

Ɗan Gyaɗi-gyaɗi: Malam kada mu koma farko.

Ɗan Kurna: Ga shi nan ya sake fitowa yanzun nan. Na fita tsakar gida na duba, wallahi gorunan na nan, kuma na hango kai biyu a ciki. Baba, yaya ake gane ranar da aka bar yaro shi kaɗai?

Baba Sajan Mai Ritaya: Ka duba kujerar baya, za ka ga wayam. Ranar malamin na ƙasa yana safa da marwa da rediyo a hannu, ya fi yaron zufa. Mu kuma mun cika bokitai muna jira, yana saukowa za mu sheƙa masa. An kira la'asar, sai anjima.